Inda Sanyi Yake Busar da Kifi

Uwargida, ko kin taɓa tambaya daga ina busasshen kan kifin nan yake fitowa, mai tauri kamar itace, wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari? Asalinsa da nisa. Da yawa daga cikinsa daga ƙasar Norwe ne, can arewacin Turai, musamman daga waɗansu tsibirai da ake kira Lofoten. To, ku zo mu leƙa wurin tare.

Matafiyi yakan shiga jirgin ruwa a garin Bodo, ya yi wajen awa uku da rabi a kan teku. Tun daga nesa zai hango duwatsu a jere kamar ganuwa, baƙaƙe, masu tsini, ƙafafunsu cikin ruwa. Mafi tsawonsu ya wuce mita 1,100. Fili kaɗan ne tsakanin dutse da teku, a nan mutane suka raɓa ƙauyukansu. Duk mazaunan tsibiran ba su kai 30,000 ba. Ɗakunan masunta na katako ne, an shafa musu jan fenti, an kafa su bisa dirkoki a bakin ruwa. Babbar hanyar mota kuwa tana tsallake gadoji, tana ratsa ƙarƙashin duwatsu, har ta ƙare a wani ƙauye mai suna Å. Harafi ɗaya tak!

Abin mamaki shi ne rana. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa ko kaɗan, mutum ya iya karanta wasiƙa a waje da tsakar dare. Amma a watan Disamba sai ta ɓuya, a yi makonni ba a ga ƙwayarta ba. A dararen hunturu ne ake ganin wani haske kore yana kaɗawa a sararin sama kamar an shanya zane cikin iska.

Mai zai riƙe mutum a irin wannan wuri, inda gona ba ta ci da gida? Kifi ne. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani babban kifi da suke kira skrei yakan gangaro daga Tekun Barents domin ya zuba ƙwai. Masunta su fita cikin duhu da hadiri, da ransu a hannu, gama tekun nan ta ci maza da yawa. Abin da suka kamo sai a rataye shi biyu biyu a kan manyan rumfunan katako, ba gishiri, ba hayaƙi. Sanyi ya hana ƙuda, iska ta yi aikinta har wajen watan Yuni. Yadda rana take busar mana da kuɓewa, haka sanyi yake busar musu da kifi. Mafi kyansa Italiya ake kaiwa, kawunan kuwa Nijeriya.

Saboda haka, ran da ƙanshinsa ya tashi cikin miya, a gaya wa yara irin tafiyar da ya yi, a kuma tuna da masuncin da ya sha sanyi dominsa.