Tsoron da Na Saya da Kuɗina

Rabin gaskiya na faɗa wa Inna. Na ce mata taron masu rubuta manhaja ne zai kai ni Kampala, kuma haka ne, sai dai taron na kwana biyu ne kacal. Sauran kwana huɗun mun ware su ne don yawo, ni da abokan aikina biyu, wani Bakano da wani ɗan Kenya, waɗanda muka shekara uku muna aiki tare ta intanet ba mu taɓa musabaha ba.

Kowa da jakarsa ta goyo muka shiga motar haya, muka ratsa dajin Mabira, muka sauka Jinja, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala. A nan Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Biktoriya ya nufi arewa. A nan ne Bature John Speke ya tsaya a 1862 ya ce ya gano mafarin kogin, kamar ba mutane a bakinsa tun kaka da kakanni. Yanzu garin ya zama matattarar matasa 'yan yawon duniya: da rana ruwa, da dare kiɗa da giya.

Masaukinmu a Bujagali yake, ɗaki ɗaya gado takwas masu hawa biyu. Ni da Bakanon nan shayi da "rolex" ne namu, wato wainar ƙwai da ake naɗewa cikin capati. Lokacin da muke lallaɓawa mu fita alwalar asuba, lokacin maƙwabtan gadonmu suke shigowa suna tangaɗi. Ba wanda ya takura wa wani. Wata 'yar Jamus ma ita ta janye takalmanta don mu samu wurin shimfiɗa sallaya.

Rana ta biyu muka biya kuɗin hawan tub. Da na ga abin sai dariya ta kama ni. Tub ɗin tayar mota ne, irin wanda muke roƙo wurin mai faci a bakin titi a Kucheri, mu hura shi da famfon keke, mu ruga rafi idan damina ta yi nisa. Wanda ya rasa tub, jarka yake rungumewa. Duka kam mun sha shi a kan wannan, don kowace shekara sai an ji labarin yaron da ruwa ya ci. Ga shi yau na ƙetare ƙasashe, na sa hannu a takarda, an ɗaura mini rigar ceto, ana koya mini yadda ake zama a kai.

Da farko ruwan kwance yake. Mai yi mana jagora ya ce tun da aka gama madatsar Bujagali a 2012, gangaren da ya yi wa wurin suna ya nutse. Muna tafe muna raha, tsuntsaye na shawagi, mata na wanki a gaɓa. Sai muka zo inda ruwa ke gudu. Ban san yadda aka yi ba, tub ya kife. Na kurɓi ruwa, na rasa sama da ƙasa, na ji kalmar shahada ta zo bakina. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne: idan na mutu a nan, wa zai yi wa Inna bayani? Rigar ta ɗago ni, wani saurayi a ƙaramin kwalekwale ya miƙo mini igiya. Duka bai fi daƙiƙa goma ba. Abokaina har da tafi.

Da dare kiɗa ya cika masaukin, sai na koma gefe na kira gida. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana.

"Kai, hayaniyar me nake ji?"

"Mutanen taro ne, Inna."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya tsare. Auren ƙanwarka bayan Sallah ne. Amma in hanya ba kyau, kada ka taho. Mun yafe maka."

Wannan yafiyar ta fi ruwan da na kurɓa shaƙe ni. Shekara biyu rabona da Kucheri. Garinmu yana kan titin Funtuwa zuwa Gusau, kafin ka kai Tsafe, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da wannan hanya. Kullum ina da hujja: aiki, intanet ba ƙarfi, a bari ƙura ta lafa. Kuɗi nake turawa a madadin ƙafata. Amma ƙanena yana bin hanyar nan duk mako, ba rigar ceto, ba mai kwalekwale a bayansa. Ni kuwa na biya kuɗi an sayar mini da tsoro na daƙiƙa goma, har da hoto.

Ba na cewa yawon laifi ne. Na ji daɗinsa, kuma da za a sake zan je. Ba na kuma cewa tsoron hanya wauta ne. Mutane na gaske ake ɗauka a kanta. Abin da na kasa jurewa shi ne yadda na saba da uzurina har ya daina damuna.

Bayan Sallah na shiga motar safe daga Funtuwa, na bar kwamfutata a Kano. Ba wanda ya yi magana a motar sai da muka wuce 'Yankara. Da na yi sallama a zaure, Inna ta fito da ludayi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba na ce kada ka taho ba?"

Sai ta juya da sauri, wai tuwo zai kama.