Hular Hayaƙi a Garin Keith

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Aberdeen zuwa Inverness yana yada zango a Keith, wani ɗan gari a yankin Moray na arewacin Sikotlan. Daga tasha taku kaɗan ne zuwa Strathisla, masana'antar wiski da George Taylor da Alexander Milne suka kafa a bakin kogin Isla tun 1786, da sunan Milltown. Abin da ke cikin kwalba ba hurumina ba ne. Ginin na je gani.

Tun daga nesa rufin ke ɗaukar ido: tagwayen hasumiyoyi masu tsinin kai da lanƙwasasshen gefe, ka rantse daga ƙasar Sin aka ciccibo su. A gindinsu ga bangon dutse, ga tsakar gida shimfiɗe da duwatsu, ga tsohuwar ƙafar injin da ruwa ke juyawa.

To, ba don kwalliya aka yi rufin ba. Sha'ir ake jiƙawa har ya yi tsiro, kamar yadda masu burukutu ke yi wa dawa, sai a baza shi a kan bene mai ƙananan huji, wuta na ci a ƙasa. Wani mai zanen gini mazaunin garin Elgin, Charles Doig, shi ya ƙirƙiro wannan hula a 1889 don masana'antar Dailuaine. Aikinta ta zuƙo zafi da hayaƙi ta tsakiyar hatsin, ta kuma hana ruwan sama shiga, a ƙasar da yayyafi ba ya jin kunya. Da aka ga ta yi, kowa ya kwaikwaya. Yanzu kuwa busasshen tsiro saye ake yi daga waje, wutar ta daɗe da mutuwa, hular ta koma abincin masu kyamara.

A ciki, zafi da warin tsami suka tarye mu. Tukwanen jan ƙarfe huɗu ne, gajeru masu tumbi, wuyansu ya miƙe har tsakanin tsofaffin katakan rufi. Amma inda na fi daɗewa tsaye shi ne gaban wani akwati na gilashi da farar tagulla, da kwado a jikinsa. Duk abin da ya tsatso daga tukunya ta nan yake bi. A da, makullin yana aljihun jami'in haraji ne. Mai masana'anta sai dai ya leƙa dukiyarsa ta gilashi. Tarihin sana'ar ke nan: ɓuya tsakanin gwamnati da masu dafawa a ɓoye cikin tsaunuka, har dokar 1823 ta sauƙaƙa lasisi zuwa fam 10. George Smith na Glenlivet ya karɓi nasa a 1824, sai da ya riƙa yawo da bindigogi don tsoron maƙwabtan da ya ɓata wa kasuwa.

Gobara ta ci Strathisla a 1876, wurin niƙa ya yi bindiga a 1879, aka sake ginawa.

Ma'ajin ganguna gajere ne, mai kaurin bango da sanyin danshi. Doka ta ce sai ruwan ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen ok a Sikotlan kafin ya ci sunansa, kuma wajen kashi 2 cikin ɗari na tsiyayewa a iska duk shekara. Mai yi mana jagora ta ce wai rabon mala'iku ke nan. Na ce a raina, a'uzubillahi, mala'iku dai ba ruwansu.

Harajin bai rabu da gidan ba. Jay Pomeroy, ɗan kasuwar Landan da ya mallake shi a shekarun 1940, kurkuku ya tafi kan ƙin biyan haraji, kamfanin ya durƙushe. A 1950 Chivas Brothers suka saye shi a gwanjo kan fam 71,000, kuma har yau akasarin abin da tukwanen nan huɗu ke fitarwa cikin haɗin Chivas Regal yake ƙarewa.