Akwatin Sitiyarin Motar Gado

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya taɓa canza wa tsohuwar mota akwatin sitiyari ya san zurfin wannan magana. Motar da na gada daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, Volkswagen Beetle ce ƙirar 1970, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. Da tafiya ta yi tafiya sitiyarinta ya yi lako-lako, har sai ka murza shi kusan taƙi guda kafin tayoyi su amsa. Mota mai irin wannan ciwo kuwa ba a ɗaukar iyali a cikinta.

Samun sabon akwati bai yi wuya ba, domin kuwa ko da yake an daina ƙera Beetle a Meziko a 2003, har yau ana yin kayanta. Wahalar tana wajen ɗaurawa. Bayan mun cire tankin mai, ni da bakanikena, muka ɗora akwatin a kan bututun gatarin gaba, sai hannun ƙarfen da ke tura sandunan tayoyi ya ƙi haɗuwa da su. Wani yaron gareji ya ce a kai wa mai walda ya gasa shi ya lanƙwasa. Bakanike, dattijo ne, ya ce, "Kai yaro, ƙarfen da rai ya rataya a kansa ba a sa masa wuta."

Ashe tarihi ne ya shiga tsakani. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar mahaifina, da ta riga wannan canji zuwa, sitiyarinta a dama yake. Waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975 kuwa a hagu nasu yake, kuma daga jikin irinsu aka ciro hannun da aka haɗo mana da shi. Akwatin ɗaya ne, hannun ne ya bambanta. Muka wanke tsohon hannun, muka duba babu tsaga, muka mayar da shi, ya zauna daram.

Sai kuma maɗaurin da ke riƙe akwatin. Yana da gurbi biyu, ɗaya da lamba 13 domin Beetle, ɗaya da 14 domin Karmann Ghia. In aka juya shi, akwatin zai karkace, sandar sitiyari ta ƙi fuskantarsa, faifan robar da ke haɗa su ya riƙa murɗewa har ya yage. A nan ma akwai 'yar waya da ke tsallake robar, wadda in aka manta da ita ham ba zai yi kuka ba.

Abu na ƙarshe shi ne nemo tsakiya. Ana murza akwatin daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ƙirga zagayen, a dawo rabi, sannan a ɗaura sitiyari tayoyi suna kallon gaba sak. A tsakiyar nan ne akwatin ya fi matsewa, saboda haka wanda ya ga ɗan wasa a gefe ya hau ɗaure notin saiti na sama, to, zai cinye haƙoran sabon akwati tun bai more shi ba. Daga nan sai a kai mota wajen masu saita tayoyi.

Shawarata ga mai irin wannan mota ita ce kada ya yar da tsohon kaya sai sabo ya zauna. A ajiye su gefe da gefe, a auna, a karanta lambar jikin mota a san shekararta. Kwana uku aikin ya ci mana, alhali da guduma da wuta da an gama kafin la'asar. Amma ran Juma'ar da ta biyo, da ita na kai mahaifiyata gaisuwa ƙauye, hankalina kwance.