Injiniya Ya Wuce Gyaran Inji

A ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, duk mai kwance injin ban-ruwa injiniya muke ce masa. To amma fa aikin ya fi haka faɗi. Akwai injiniyan gine-gine, irin waɗanda suka datse ruwan Tomas da na Watari a Bagwai, har muka samu noman rani. Akwai na lantarki, da na injuna, da na aikin gona, da na kwamfuta.

Ni abin da ke damuna, kullum rabon gado sai ƙara tsuke gonakinmu yake yi. Gonar da ta ciyar da kakana ba za ta ɗauki jikokinsa ba. Don Allah iyaye, yaron da ya iya lissafi, a bar shi ya kai Jami'ar Bayero. Fartanya kaɗai ba za ta riƙe mu ba.