Gazawa: damo ba ɗan garke ba ne

Matafiyin da ya baro Agye ya nufi Tasawa, a Gazawa yake ratsa ƙasar Gulbin Kaba, ƙasar goriba da damo. Da damina damo na cin fara da ƙwari. Da rani ya shige rami, watanni bai ci ba. Shi ya sa aka ce sarkin haƙuri.

Ɗan kasuwa mai niyyar kiwonsa saboda fata ya yi hattara: da wuya damo ke hayayyafa a tsare. Ko a Togo, mata masu ƙwai ake kamowa daga daji. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da fatarsa ƙasashen waje sai da takardar izini. Gonaki kuwa na cinye daji. Ran da ya ƙare, babu garken da za a ɗebo iri.