Mai Zane da Bakin Mutane

Kowace sana'a da ubangidanta. Dillali yana kallon fuskar mai kaya, direba yana kallon ta mai mota, mu 'yan albasa kuma muna kallon sama da kan iyaka da lalitar matan da ke sari. Amma ban taɓa ganin sana'ar da ta kai zanen barkwanci yawan iyayen gida ba. Duk wanda ya riƙe waya a hannu ji yake yana da rabo a alƙalamin mai zane. Wannan ya ce ƙara, wancan ya ce rage, wani ya ce goge ko mu haɗu. Na san haka ne domin a gidana mai zanen yake cin tuwo.

Ɗana ne na fari, don haka ku yi mini uzuri in ban kama sunansa ba. A nan Akra aka haife shi, Galmi kuwa sau biyu kacal ya taɓa taka ta. Tun yana firamare ba ya barin kwali ya wuce shi, har bayan littafin da nake rubuta bashi sai da ya cika da kawunan mutane. Abin bai zama sana'a ba sai a watan Yulin 2021, lokacin da gwamnati ta tashe mu daga Agbogbloshie ta mai da kasuwar albasa Adjen Kotoku, can bayan gari. Kowa ransa a ɓace, masu saye ba su san hanya ba tukuna, rana ta yi tsawo. Yana zaune a kan buhu ya zana wani dillali mai tumbi, carbi a hannun dama, hannun hagu ya zagaya ta baya yana karɓar la'ada wajen mai kaya, aljihu kuma a buɗe ta wajen mai saye. Ya tura wa abokansa biyar ta WhatsApp. Kafin Juma'a wani ƙanena ya turo mini shi daga Tawa yana tambaya ko na san wanda ya yi.

An ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To wannan karon kowane dillali ne ya ce da shi ake. Wani dattijo da nake jin kunyarsa ya tako har rumfata, muka gaisa, ya zauna, ya ce, "Alhaji, ka dubi hular nan da kyau. Duk kasuwar nan wa ke karya hula haka in ba ni ba?" Na kira yaron, ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi ba da kai nake ba, hular ce ta zo mini a hannu." Dattijo ya ce ya ji, amma a sake hula. Aka sake. Canji na farko ke nan da bakin mutane ya sa aka yi, kuma ni ban ga laifinsa ba. Hula ba ita ce maganar ba, la'ada biyu ita ce magana, ita kuwa tana nan.

Wanda ya dame ni shi ne na biyu, domin shi babu wanda ya zo da faɗa. Yabo ne ya kawo shi. Mutane suka so mai tumbin nan. Duk ranar da aka zana shi ya faɗa kwata, ko buhu ya danne shi, ko akuya ta ci masa rasit, sai waya ta yi ta ƙara har dare. Ranar da aka zana shi yana cutar wani baƙo da ya zo da mota guda ta bashi, sai a yi tsit. Yaro yana gani, yana lissafi, ai ɗan kasuwa ne ya haife shi. Cikin wata shida tumbi ya ninka, hannun hagun nan da ke zagayawa ta baya ya ɓace gaba ɗaya. Mutumin da aka ƙirƙira don a nuna cuta ya koma wawan sarki. Har dillalan da suka yi fushi da farko suka riƙa sa shi a fuskar wayarsu. Na ce masa, "Kai, yanzu wa kake tsokana?" Ya ce, "Baba, abin da suke so ke nan."

Wannan magana ta sa na shiga bincike irin namu na waɗanda suka koyi boko da girma, a hankali, da ƙamus a gefe. Sai na tarar ashe rigimar ta girmi waya nesa ba kusa ba.

Akwai wani Ba'amurke, Charles Schulz, da ya yi shekara hamsin yana zana labarin wasu yara mai suna Peanuts, daga 1950 zuwa 2000, har ya kai ana buga shi a jaridu sama da 2,600. A ƙarshen 1954 ya shigo da wata yarinya mai kwakwazo, Charlotte Braun. Wata mai karatu ta rubuto masa wasiƙa cewa ba ta son ta. Ya ba ta amsa a watan Janairun 1955 cewa ya karɓi shawara zai cire ta, amma ta sani alhakin yarinyar yana wuyanta, ya kuma zana yarinyar a ƙasan wasiƙar da gatari a ka. Sau goma kawai ta fito, ba a sake ganin ta ba. Ni a ganina shi ma ya riga ya gaji da ita, wasiƙar ta zo daidai da abin da ke ransa ne.

Wasiƙa ta biyu ita ce mai nauyi. A watan Afrilun 1968, kwanaki kaɗan bayan an kashe Martin Luther King, wata malamar makaranta a jihar Kalifoniya, Harriet Glickman, ta rubuta masa ta ce ya sa yaro baƙar fata cikin yaran nan. Bai ce to nan take ba. Ya amsa mata cewa yana tsoron kada baƙaƙen fata su ga kamar tausaya musu yake yi daga sama. Ita kuma ba ta zage shi ba, ba ta tara masa jama'a ba. Sai ta nuna amsarsa ga abokanta baƙaƙen fata masu 'ya'ya, suka rubuto masa da kansu. Ranar 31 ga Yulin 1968 wani yaro mai suna Franklin ya fito a bakin teku, ya tsinto wa Charlie Brown ƙwallonsa. Babu wa'azi, babu jawabi, yara biyu ne suna wasa da yashi. Da aka fara ƙorafi daga kudancin Amurka cewa kada a nuna shi aji ɗaya da fararen yara, Schulz ya gaya wa kamfanin da ke rarraba zanen cewa ko a buga yadda ya zana ko ya ajiye aikin. Aka buga.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ɗaya ne ya saurari mace guda mai takarda ɗaya, ya kuma toshe kunne ga waɗanda ke iya rage masa abinci. Ba ƙidaya ya yi ba, auna maganar ya yi. Masu ƙidaya ma an yi su. A 1988 kamfanin DC Comics ya buɗe lambobin waya biyu, kowane kira santi 50, ya ce masu karatu su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi. Masu cewa a kashe suka samu 5,343, masu cewa a bari 5,271. Da ƙuri'a 72 aka kashe shi. A 2005 kuma suka dawo da shi da rai, kun ji ƙarshen hukuncin taro.

Bambancin zamanin Schulz da na ɗana shi ne tazara. Wasiƙa sai an nemi takarda, an sayi kan sarki, ta yi kwanaki a hanya, kafin ta iso fushin ya huce, abin da ya rage shi ne maganar. Yanzu kafin tawada ta bushe mutum ɗari sun yanke hukunci, rabinsu ma zanen kawai aka turo musu ba su san mafarin zancen ba. Manyan gidaje ma ba su tsira ba. A 2019 jaridar New York Times ta buga wani zane a bugunta na ƙasashen waje da aka yi ta Allah wadai da shi, sai ta daina zanen siyasa na kullum a bugun gaba ɗaya. Patrick Chappatte, wanda ba shi ya yi zanen ba, yana cikin waɗanda suka rasa gurbinsu. A Najeriya kuma da yawanku kun ga zanen Mustapha Bulama na Daily Trust a 2020, lokacin bikin 'yar shugaban ƙasa, inda ake nuna wa mutanen da ruwa ke ci hotunan biki. Ya zaga ko'ina cikin yini guda, har wani hadimin uwargidan shugaban ya fito ya ce ba a yi adalci ba.

Tamu Glickman ɗin ba ta iya rubutu ba. Saƙon murya ta aiko, minti biyu, ana jin hayaniyar tasha a bayanta. Wata bazawara ce da ke sarin rabin buhu tana kasawa. Ta ce, "Ɗana, zanenka yana ba ni dariya, Allah ya yi albarka. Amma mu ina muke? Yaran nan 'yan kayayo da ke ɗaukar kaya a ka, kullum kana zana su a baya babu ido babu baki, kamar turaku." Ya saurara sau uku a gabana. Ya koma ya duba tsofaffin zanensa, haka ne, kwano da wuya kawai yake yi musu. Sati na gaba ya fito da wata 'yar kayayo mai goyo, ya yi mata ido, ya ba ta magana. Ita ce ta fara tambayar mai tumbi dalilin da ya sa kuɗin dako bai motsa ba alhali kuɗin buhu ya ninka. Da ita hannun hagun nan ya dawo.

Masu turawa suka ragu, wannan gaskiya ce. Zanen da take ciki ba ya kai rabin na faɗawa kwata. Amma a nan ne nake ganin kasuwa ta koya mini abin da waya ba ta nunawa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan buhu, yana matsa albasa yana cewa ta yi ruwa, sau da yawa wucewa zai yi. Mai saye na gaske takan zo shiru, ta duba, ta biya, ta dawo wani sati. In ka gyara kayanka don mai hayaniya, ita za ka kora, kuma ba za ta gaya maka dalili ba. Matan nan ba sa danna komai a waya, amma na ga zanen yarinyar an buga shi a takarda an manna a jikin rumfa har uku.

Jarrabawa mai wuya ta zo a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, CEDEAO, ko ECOWAS yadda ake cewa a nan, ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanville. Motocin albasa suka maƙale, kaya suka ruɓe a kan hanya, ni kaina mota guda na yi asara da rabin wata. Ya zana direba zaune a kan motar da ruwan ruɓa ke ɗiga ta ƙasa, gefe ɗaya soja ya ba shi baya, ɗaya gefen mai kwat ya ba shi baya. Ranar ba mu yi barci ba. Masu goyon soja suka ce an saye shi, masu goyon ɗaya ɓangaren suka ce ɗan koren soja ne, wasu suka ce yaron da bai san Nijar ba me ya sani. Wani attajiri da ke biyansa kuɗin talla duk wata ya kira ni, ba shi ba, ya ce, "Alhaji, ka ja wa yaronka kunne. Ya cire sojan, mu ci gaba." Kuɗin nan da shi yaron yake tara lefe. Ni kuma ina da 'yan'uwa a gida da motocin da za su bi ta hannun hukuma, ba zan ce ban ji tsoro ba.

Na gaya masa saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, in na cire ɗaya na zama na ɗayan. Direban fa?" Bai cire ba, bai kuma sake zana soja ko mai kwat ba har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Direbobi da ruɓaɓɓiyar albasa da matan da suka koma kasa uku-uku maimakon biyar-biyar ya yi ta zanawa. Wasu za su ce ya ja da baya, wasu su ce ya tsaya. Tallar dai ta tafi ba ta dawo ba, aure ya ƙara wata takwas.

Tun daga lokacin ya sake tsarin aikinsa. Yana zana na sati uku a gaba, don kada hayaniyar yau ta shiga zanen gobe. Ba ya duba waya sai bayan la'asar. Kafin ya saki kowane zane kuma sai ya rufe rubutun da yatsa ya nuna wa uwarsa, wadda ba ta yi boko ba. In ta gane abin da ake nufi, ya tafi. In ta ce, "Wannan kuma mene ne?" sai ya koma kan tebur. Satin da ya wuce sau biyu ta mayar da shi, wai 'yar kayayon ta yi tsafta da yawa, kuma ba haka ake naɗa gammo ba.