Abin Da Fenti Ya Rufe A Wata Majami'ar Birnin Rum

Baƙon da ya bar dandalin Navona a Birnin Rum, in ya ratsa lungu ɗaya ko biyu, sai ya iske majami'ar San Luigi ta Faransawa. Can ƙurya, a hannun hagu, akwai wani ɗaki mai duhu. Sai an jefa kuɗi cikin akwati fitila ke kamawa, sa'an nan zane uku na Caravaggio su bayyana, duka a kan Waliyyi Matta. Na bangon dama, wanda aka gama cikin 1600, shi ne kisan waliyyin, da aka ce wani sarkin Habasha ya sa aka yi masa a wurin ibada.

A farkon shekarun 1950 aka haska zanen da na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti. Farin fentin wancan zamani da dalma ake haɗa shi, dalma kuwa tana tare hasken na'urar, don haka abin da aka binne ya fito: dogayen gine-gine, ƙananan mutane, da wani soja a tsakiya ya juya baya. Ashe har sau biyu mai zanen yana shafewa. Wannan ne babban aikinsa na farko a majami'a, ga kuma idon Rum a kansa. A karo na uku ya nutsar da gine-ginen cikin duhu, ya jawo mai takobi da dattijon da ke kwance dab da mai kallo. Can baya, ta hagu, wani mai gemu yana waiwaye. Fuskar Caravaggio ce, sau da yawa kuwa kafin baƙo ya gano ta fitila ta mutu.